Kayan Aikin Labbo na Kurawa

A shekarun da ake magana, Kurawa gari ne na rumbuna da garkunan shanu, motocin 'yan kasuwa na ratsa shi zuwa Nijar babu fargaba. A nan Labbo yake da gida, shi da matarsa Hadiyya da 'yarsu Lubna.

Labbo ya samu aikin auna ƙura a wata masana'antar siminti mai nisa. Yakan hau dogon bututun hayaƙi, ya zura siririn ƙarfe ta wata kafa, inji ya zuƙo iskar da ke fita, ta bi ta cikin jerin farantai masu ƙananan huji. Manyan ƙwayoyin ƙura su tsaya a farantin sama, mafi laushi kuwa sai takardar tacewa ta can ƙasa ke kama su. Waɗannan ne abin tsoro, domin ido ba ya ganinsu, hanci ba ya tare su, huhu suke zarcewa. Ya san haka sarai, bai taɓa hawa babu takunkumi ba.

Duk ƙarshen wata yakan zo gida da kayan aikinsa cikin buhu, sun yi fari fat. Akwai masu wanki a masana'antar, amma Hadiyya ta ƙi.

"Ina da raina, Malam, wani ƙato shi wanke maka kaya? Ni za ni wanke abina."

"To, Innar Lubna, sabulunki za shi ji jiki," yakan ce da dariya, ya fita gaishe-gaishe.

Kamar kowace matar karkara, ba ta jiƙa tufa sai ta kakkaɓe ta. Don kada farar ƙurar ta sauka a kan geron da maƙwabta suka shanya, sai ta shige ɗaki, ta ja ƙofa, ta kakkaɓe a ciki. Haka ta yi shekara da shekaru, Labbo bai taɓa gani ba.

Da tari ya ci ƙarfinta, ya kai ta asibiti a garin Isa. Likita ya tambaye ta ko ta taɓa aiki cikin ƙura.

"Ni? Sai dai kakkaɓar kayan Malam a ɗaki," in ji ta, tana murmushi.

Labbo ya nemi bango ya jingina.

Likita ya ce sai an ɗauki hoton ƙirjinta a Sakkwato. Amma a lokacin 'yan bindiga sun riƙe hanya, direbobi sun ajiye motoci. Ana jiran hanyar ta buɗe Hadiyya ta rasu, cikin damina.

Yanzu Labbo yana Sabon Birni, a gidan mijin Lubna, ya bar aiki. Duk likitan da ya gamu da shi sai ya tambaye shi ko ƙurar ce ta kashe Hadiyya, amsar kuma ɗaya ce: mai yiwuwa ƙurar ce, mai yiwuwa tarin fuka ne. Ba a ɗauki hoton ba, kuma har yau babu wanda ya iya gaya masa abin da ya kashe ta.