Agogon Yaya Bulus da Na Ɓoye a Buhun Gero

Bana shekara goma sha tara ke nan da muka binne yayana Bulus a Talata Mafara, kuma ranar wanka ba a ɓoye cibi: har gobe ina kishinsa. Mutum ya kwanta dama, ƙaninsa ya yi furfura, amma in aka ce "Allah ya ji ƙan Bulus, mutumin sammako," sai kishin ya taso mini sabo.

Tare muka baro ƙauyenmu na wajen Malumfashi lokacin da ake gina madatsar ruwa ta Bakolori, muka shiga aikin lebura. Muka kama ɗakuna biyu a gidan Malam Garba, ladanin unguwa. Mu Kirista, shi Musulmi, amma akushi ɗaya muke sa hannu. Kullum kafin zakara ya yi cara, Yaya ya tashi, ya kunna aci-bal-bal, ya karanta Zabura, ya durƙusa ya yi addu'a. Ni kuwa sai rana ta leƙo ta taga. Duk wasiƙar da Inna ta sa aka rubuto mana, ƙarshenta ɗaya ne: "Ishaya, ka yi koyi da yayanka." Kai, na tsani layin nan!

Da aka fara sakin ruwa zuwa gonakin wajen Bakura, aka nemi mutum ɗaya da zai riƙa buɗe ƙofar magudana da asuba. Aikin dindindin ne, ba irin leburancin da ke ƙarewa da gini ba. Shugabanmu ya ce wanda ya fi zuwa da wuri a mako guda, shi zai riƙe makulli. Na so aikin nan kamar raina, don sau ɗaya dai a ce ni ne.

Yaya yana da wani agogon tebur mai ƙararrawa, kuma na tabbatar wa kaina a nan asirinsa yake. Ranar Lahadi, yana wurin sujada, na ɗauke agogon na tura shi can ƙasan buhun gero. Litinin na yi tsalle na tashi, na ruga bakin magudana ko fuska ban wanke ba. Wa zan tarar? Yaya, zaune a kan siminti, raɓa ta jiƙa masa ƙafar wando. "Ishaya, ka kwana lafiya?" Abin da ya ce ke nan. In ka yi sammako, wani a tafe ya kwana. Haka aka yi har Asabar, aka miƙa masa makulli.

Daga ranar na yanke hukunci cewa Ubangiji ne ya yi masa baiwa ya hana ni. Na koma facin taya a tashar Maradun, ina cewa wasu an haife su da ido a buɗe. Wannan zancen ya yi mini daɗi shekaru masu yawa, don ya sauke mini laifi.

A zaman makoki ne Malam Garba, ya tsufa tukuf, ya ja ni gefe.

"Ishaya, wanga yaya naka ba shi da baiwar komi. Ban taɓa ganin mai nauyin barci irinai ba. Da agogonai ya ɓace, ya roƙe ni in riƙa buga mai ƙofa in za ni kiran salla. Wata rana sai ya tsoma ƙafa cikin ruwan randa kahin ido ya buɗe."

Na ce, "Malam, me ya hana a taimake ni kamar yadda aka taimake shi?"

Ya dube ni ya girgiza kai. "Ƙofarka nika fara bugawa. Shi ya ce in fara da kai, har sau uku. Kana amsawa, ka juya."



Yanzu kowane jikana yana da waya mai ƙararrawa iri-iri, suna dannawa su koma barci, sai an idar da waƙar farko suke shiga coci. Ina tambayar kaina me Yaya zai ce da ya gan su. Ba na jin zai yi faɗa. Zai nemi ƙofar da ta fi wuyar buɗewa ya fara da ita.

Makullin ya daɗe da komawa hannun wani, agogon kuma yana kan tebur ɗina, ya daina tafiya. Abin da ya rage na Bulus shi ne wannan: ba sauƙi aka yi masa ba, kowace asuba sai ya yi kokawa da jikinsa ya kayar da shi a gaban Mai Cetonsa. Da na san haka, kishina ya ƙaru, don baiwa ba a sayenta, amma wannan kuwa ina iya yi na ƙi.

Tun bayan makokin nake tashi da kiran salla in buɗe Zabura. Na makara da shekara talatin, na sani. Roƙona guda ne: ranar da za a busa ƙaho na ƙarshe, in an buga ƙofata, Ubangiji kada ka bar ni in amsa in juya. Ko da taki ɗaya ne, bari in riga Yaya fitowa.