Ranar da Kawu ya sunkuya wa karen gadi

Shekara tara na yi ina wanke kejin karnuka a gidan kafilina, Balaraben da ya ɗauki nauyin zamana, can arewacin Jidda wajen bakin teku. A iƙamata, wato takardar izinin zama, direba aka rubuta. To, motar da na fi tuƙawa ita ce baron kwashe kashin kare.

Da can ni ma na ɗauka kare kare ne. Ƙarya ne. Iri huɗu ne a gidan, kowanne da halinsa. Akwai na farauta, wanda Larabawa ke ce wa saluƙi, siriri kamar an yi masa horon yunwa. Kai da bango duk ɗaya ne a wurinsa, amma bari kyanwa ta gilma, ko igiya ba ta riƙe shi. Akwai na kiwo, an kawo shi gidan da babu ko tunkiya ɗaya, sai ya wuni yana zagaye kaji yana tara su a lungu. Shi kaɗai nake tausayi. Uwargida kuma tana da wani ɗan mitsitsi mai gashi, baki kamar rediyo, inuwarsa ma tsoro take ba shi.

Na huɗun shi ne na gadi. Baƙi, kai kamar turmi, kuma ba ya haushi. Mai haushi ai sanarwa yake ba ka. Wannan hannunka kawai yake kallo. Tun a ƙasar da aka sayo shi aka horar da shi, duk wanda ya ɗaga hannu da wani abu, hannun zai kama.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya zo Umra ya ƙi komawa. Yana raɓe a unguwar Balad yana sayar da turare, ba shi da takarda ko ɗaya. Irinsa ko zazzaɓi ya kayar da shi sai dai ya sha magani a ɗaki, don a asibiti iƙama ake fara tambaya, daga nan sai tarhil, a tattara mutum a mayar da shi gida. Wanda aka kama shi a wurinsa ma ya shiga uku.

Na ce ya same ni a ɗakina na unguwar Bani Malik ranar Juma'a. Bai ji ba. Wata Talata bayan la'asar, masu gida sun fita, na saki na gadin a tsakar gida ina wanke kejinsa, sai na ji ƙaramar ƙofa ta buɗe. Ni na bar ta ba sakata. Laifina ne, ban taɓa musu ba.

"Salamu alaikum. Ashe nan ne fadar taku?"

Kawu ne, da farar taguwa, ya riga ya shigo taku biyar. Karen ya miƙe. Kunnuwa gaba, baki a rufe, wutsiya ba ta motsi. Ni ina can ƙarshen tsakar gida da tiyo a hannu.

"Kawu, tsaya cak. Kada ka motsa."

"Kai ɗan nan, haka ake tarbar baƙo?" Sai ya hango karen. "Wannan kuma kare ne ko maraƙi?"

"Don girman Allah, sauke hannuwanka, daina kallon idonsa, ka ja baya a hankali."

"Ni? In ja wa kare baya? Tun ba a haifi uwarka ba nake korarsu."

Uwata fa yayarsa ce. Ban samu bakin tuna masa ba, don karen ya yi taku ɗaya, ya sauke kai.

Sai Kawu ya sunkuya. Duk wanda ya tashi a garinmu ya san wannan: kare ya taso maka, ka duƙa kamar za ka ɗauki dutse, ko babu dutsen, sai ya soke wutsiya ya ruga, don karnukanmu da jifa suka girma. Wannan ba a taɓa jifansa ba. Tsakar gidan kuma tayil ne, ko tsakuwa babu. Da Kawu ya lalubi ƙasa bai samu komai ba, sai ya zare takalminsa ya ɗaga sama.

Kada wani ya ce jarumta na yi. Ɗayanmu za a ciza, kuma ɗayanmu ne kawai ke da iƙama. Na yar da tiyo na ruga, na jefa hannuna na dama a gaban nasa. Karen ya riga ya bar ƙasa. Na ji ƙashina ya amsa. Sau uku na daka masa kalmar sakin da mai horonsa ya koya mini kafin ya buɗe baki. Ya koma gefe ya zauna yana kallona.

"Fita, Kawu! Yalla, kama taksi, kada ka tsaya ko'ina."

"Jini fa, ɗan nan, bari in ɗaure maka..."

"Fita na ce!"

Ya fita da takalmi ɗaya a hannu. Na kulle karen, na kora jinin da tiyo, na kira kafili na ce ni na ɗaga sandar shara da ganganci. Ya ce mini jaki, na ce na'am. A asibiti, kafin kowa ya kalli hannun, aka ce in kawo iƙama. Na zaro ta da hagu.

Yatsuna biyu har yau ba sa lanƙwasuwa. Kawu ya ƙara shekara biyu a Jidda, ba wanda ya tare shi, ya koma gida don kansa. In mun yi waya, har yanzu cewa yake da ban yi garaje ba, da karen nan ya gudu.