Mai Tabarau da Kwalbar Sha Biyu

Kullum da hantsi Mai Tabarau takan buɗe tagar ɗakinta na bene, ta goge gilashinta da gefen mayafi, ta zauna gaban kwamfuta. Ƙorafin mutane take fara karantawa, sai ta gama da masu zagi sannan ta sha shayi. Ni maƙwabcinta ne, daga ƙofar gidana nake hango ƙeyarta. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, ido ya gaji.

Aikin nata manhaja ce, ka yi mata magana da Hausa ta rubuta. Wannan ma ita ke rubutawa, don ni ban taɓa zama a aji ba, ban kuma ga abin da na rasa ba. Shekara arba'in ina jan babbar mota, sau uku tana kifewa da ni, sau uku ina fitowa da ƙafata. Manhajar kyauta ce, cikinta kuma a buɗe yake kamar injin da aka ɗage wa murfi: duk wanda ya iya ya leƙa, ya gyara, ya ƙara nasa.

Da ita masu ba da magani a asibitin unguwarmu ke rubuta takardar da suke liƙa wa kwalba. Wata rana mai maganin ya ce wa wayarsa sha biyu da safe, wato a haɗiyi ƙwaya biyu. Manhajar ta ɗauka ƙirga ce, ta rubuta 12. Kwalbar ta mai ɗakina ce, maganin hawan jini.

Harafi ban sani ba, amma a lamba ba wanda ya kai ni. Na ƙirga sha biyu cif na zuba mata a tafi. Ta dubi hannunta, ta dube ni.

"Malam, ciwon za ka kashe ko mai ciwon?"

Ba ta sha ba. Na hau benen da kwalbar, na gaya wa Mai Tabarau maganganun da ba zan sa manhajarta ta maimaita ba. Ta saurara har na gama, ta tambayi jikin Inna, wato mai ɗakina, ta ce Baba bar mini kwalbar.

Abokan aikinta suka ce ta gyara a ɓoye. Gyaran layi ɗaya ne a cikin manhajar, in ji su, in kuwa labari ya fita asibitoci za su watsar da manhajar, sunanta ya bi ta. Ta ce ba ta san kwalba nawa ke ajiye a gidajen mutane da wannan lamba ba. A ranar ta rubuta kuskuren a dandalin da masu gyaran ke haɗuwa, ga hoton kwalbar, ga sunanta a ƙasa. Sannan ta bi asibitocin da waya ɗaya bayan ɗaya.

Biyu suka daina amfani da manhajar, ɗaya har yau bai dawo ba. Amma kafin mako ya zagayo, wani da ko Hausa ba ya ji ya sa manhajar ta riƙa tsayawa ta yi tambaya in ta ji sha biyu. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce a zana ƙwayoyin saboda irinmu, wani ya zana. Wani kuma ya kwashi gyaran ya kai harshensu, ashe su ma suna da kalma mai fuska biyu.

Ban saba yabon mutum ba. Likitan da ya ɗinke mini ciki ma, cewa na yi ya yi ƙoƙari. Amma ke, 'yata, ke ce kika tona asirin kanki don a rufa namu. Na gode. Masu irin wannan aiki, ku yi yadda ta yi, ku bar murfin a ɗage.

Shekara sha biyu ta yi a kan kujerar nan. Yanzu da na faɗa, manhajar ta tsaya ta tambaye ni, na ƙirga ko na haɗiya? Kafin in buɗe baki mai ɗakina ta amsa daga tsakar gida, wai a daina tambayata lissafi.