Ranar da Baba Ya Tono Doyar Mutane

Na yi yawo a ƙasar nan ba kaɗan ba, amma tafiyar da na ɗauki Baba muka je ƙasar Ibo, ko mantuwar tsufa ta kama ni ba za ta fita daga raina ba.

Ina da wani aboki da ya yi bautar ƙasa a makarantar da nake koyarwa a Malumfashi. Duk ƙarshen mako sai in ja shi gidanmu a Maska, ya zauna a zauren Baba ya ci tuwon masara da miyar kuka har ya suɗe kwano. A nan ya koyi 'yar Hausarsa mai ɗingishi. Da ya koma gida sai ya dame mu da waya, shi dai Baba ya zo ya ga nasa uban. Baba kuwa tun da aka haife shi iyakarsa Kano. Da ƙyar na shawo kansa a hutun damina, an gama huɗa, masara ba ta isa yanka ba.

Daga tashar Funtua har muka sauka bai runtsa ba. Ya ga duwatsu, ya ga kurmi, da muka hau gadar Makurɗi ya leƙa ruwa ya kama salati. Can ya taɓo ni ya ce, "Kai, har yanzu a Najeriya muke?" Na ce ai ko rabinta ba mu gani ba. Ya girgiza kai ya koma leƙen taga.

An karɓe mu hannu bibbiyu. Mahaifin abokina dattijo ne mai ciwon gwiwa, da sanda yake tafiya, kuma shi ne babba a danginsu. Ya sa aka share wa Baba wurin salla, in za a dafa kaza a miƙo masa wuƙa ya yanka da kansa. Shi da Baba babu mai jin yaren wani, amma sai su wuni a gindin kwakwa suna nune-nune suna ƙyalƙyala dariya. Abu ɗaya ne ya tsaya wa Baba a rai. An zaga da mu gonar tsohon a bakin gari, ya ga doya ta ƙosa har ƙasa na tsagewa, amma a gida kullum teba, kullum shinkafa. Ya raɗa mini, "Bawan Allahn nan ƙafa ta hana shi, 'ya'yan kuma 'yan boko ne irinka." Na yi dariya na bar zancen.

Wata safiya bayan mun yi asuba na koma barci. Hayaniya ce ta tashe ni. Ina fitowa na ga Baba da kwando a ka, shaƙe da doya, taɓo har gwiwa, baki har kunne. Ashe fartanya ya gani a jingine ya saɓa. Kuma da zai dawo ta tsakiyar gari ya biyo, yana ɗaga wa kowa hannu.

Abokina ya dafe kai. "Wayyo Baba! Ba a taɓa doya yanzu!"

Ya yi mana bayani. A garinsu sabuwar doya ba ta shiga gida, balle tukunya, sai ranar bikinta, babban dangi ya yanka ta farko ya yi godiya. Saura 'yan kwanaki a yi bikin, mai yankan kuwa ubansa ne. Yanzu ga shi kowa ya ga doya ta shiga gidan mai tsaron dokar. Dattawa na iya cewa bana wani ne zai riƙe wuƙar, kuma wannan abin kunya ne da zai bi tsohon har ƙarshen ransa.

Baba ya sauke kwandon a hankali. "Tumu ke nan," ya ce. "Kamar baƙo ya shiga gonata ya karyo sabon gero ya gasa, ban fitar da na sadaka ba." Na ce ya shiga ɗaki, mu za mu ba da haƙuri. Ya watso mini harara. "Kai ka tono?"

Kafin hantsi dattawa sun cika tsakar gida. Baba ya wanke ƙafa, ya sa babbar rigarsa, ya je gabansu ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Ban taɓa ganin ubana a durƙushe gaban kowa ba, sai da idona ya ciko.

Ya dubi abokina ya ce, "Ɗana, gaya musu mai gidan nan bai aike ni ba, bai ma san na fita ba. A wajenmu ba a cin tuwon mutum yana ciwo a bar masa gona. Abin da ya kai ni ke nan. In akwai hukunci, a ɗora mini."

Aka fassara. Suka haɗa kai suna ƙus-ƙus, suka tambaya ko an ci, aka ce ko ɗaya ba a taɓa ba. Sai wani mai furfura ya faɗi wata magana, wuri ya kaure da dariya. Abokina ya ce, "Wai baƙi da yawa sun zo garin nan, duk ci ya kawo su. Yau suka fara ganin wanda ya yi musu sammakon aiki." Aka mayar da doyar gona aka rufe da ganye. Hukuncin Baba kuwa, ba zai bar garin ba sai an yi biki da shi.

Ranar bikin tsohon ya tsaya da sandarsa, wuƙa a hannunsa, ya yanka gasasshiyar doya ya ɗanɗana. Ya sake yankowa, ya tsoma a manja, ya tsallake duk danginsa ya miƙa wa Baba. Baba ya yi bisimilla ya kai baki, su biyun suna kallon juna suna taunawa.

Ƙasar nan faɗi gare ta, kuma kowane gari da abin da yake girmamawa, shi ya sa yawo a cikinta ke da daɗi. Daga Baba na koyi cewa in ka taka na mutane, kai za ka je ka durƙusa, ba aike ba. Ni kuma tun daga ranar, duk inda na sauka, ko taimako zan yi sai na tambaya.