Gadon da Inna ta bar wa Sa'adiyya

Likitan Hartum ya ajiye sakamakon jinin ƙanwata Sa'adiyya, wadda zazzaɓi ya kwantar. Ya ce ƙwayar cutar herpes da aka gani ba ɗauka ta yi ba, cikin ƙwayoyin halittarta aka haife ta da ita. Yawanci ƙwayar barci take a jiki, wani lokaci ta farka. Jinin Inna ma haka.

Inna ta ce, "Ya doktor, wato ni na ba ta?"

"Ke ma ba ki aka yi, Hajiya."

A motar komawa unguwarmu Dar Salam ko sojojin shinge Inna ba ta kalla ba. Can ta ce, "Na ƙare ƙuruciyata ina tsinkar auduga a Jazira, ashe gadon da na tara mata ke nan."

Na kasa ba ta amsa har ta rasu. Da ku ne, me za ku ce mata?