Jiƙaƙƙen Buhu a Kan Akwatin Wuta

Babanmu masassaƙi ne a Ƙofar Marke tun kafin a haife ni. Da hannunsa ya fara rawa, ya ajiye gizago, ya koma zaman zaure yana kallon bango. Abin ya ci mini rai ƙwarai. Shi ya sa na sayo masa ƙaramar na'urar sassaƙa mai bin umarnin kwamfuta. Yakan faɗi zanen, in shigar, ita kuma ta bi katako tana fitar da shi. Ranar farko har dariya ya yi, ya ce, "Kai, abin ga ya san hannu!"

Sai fitina ta ɓullo. Ana tsakiyar aiki, tak! bireka, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa, ta faɗi, wutar gida duka ta mutu. Birekar nan ba ta faɗuwa sai wuta ta zurare ta bi jikin ƙarfe, wato inda mutum zai taɓa ta ja shi. Kuma ba kullum ba. Yau lafiya lau, gobe ta lalata katako ana dab da gamawa.

Daga Dundaye, inda nake zaune, nake tasowa bayan aiki, in duƙa ina bincike. Na sauya soket, na sauya filogi, na tone wayar da ke sauke wuta ƙasa, na buɗe akwatin da ke ba na'urar wuta na hure ƙura. In ina nan, munafukar ba ta taɓa faɗuwa! Ni kuwa dama zuciya gare ni. Na ce wa Baba, wallahi in ban gano ba zan kwashe na'urar, ba zan bari wuta ta kashe shi ba. Sai ya ɗora hannun nan mai rawa a kanta. Na fita ina jin kamar in yi kuka.

Inna kuwa tun farko ba ta ƙaunar na'urar. Ta cika ƙara, ta cika ɗaki da dussar katako, haka take mita kullum.

Wata Asabar ta bazara, rana kamar ta fasa kai, na zo da azahar ba a san da zuwana ba. Baba yana masallaci, na'ura na ta aikin wani zanen da na riga na shigar masa. Sai ga Inna ta fito sanɗa da buhu yana ɗigar ruwa, irin wanda take naɗe randa da shi, ta lulluɓe akwatin wutar, har tana gyara masa gefe. Tak!

Na daka tsawa, "Inna! Me kike yi haka?"

Ta zabura. "Mi kuma? Taɓa ka ji, zafi garai kamar garwashi. In abin ga ya ƙone, tsohon ga zaure zai koma."

Ashe duk ranar da zafi ya tsananta haka take yi, ta kwashe buhun kafin kowa ya gani, don kada a ce ta damu. Na fasa faɗan da na ɗebo. Na zare filogi, na riƙe hannunta, na nuna mata yadda ruwa ke shiga ta ramukan akwatin, da yadda wutar za ta iya kama ta ita kanta. Ta ce, "To, ni dai kar ka gaya mishi."

Na shanya akwatin, na ɗaga shi kan wata kanta ta katako, na kafa masa 'yar fanka. Bireka ba ta sake faɗuwa ba. Ban gaya wa Baba ba, amma ina jin ya sani, don abu na farko da ya kammala murfin randa ne, da zanen da ya yi mata a ƙwaryar aurenta. Ta karɓa tana cewa ya yi nauyi.

Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa. Na'urar tana wurina. Ran nan na kai wa Inna ziyara, ta ɗaga murfin ta ɗebo mini ruwa, ta tambaye ni ko fankar tana aiki har yanzu.