Jirgin Share Nakiya na Kakana

Na tashi da sanin cewa kakana ya yi yaƙin Bama. A garinmu duk wanda ya sa kaki a yaƙin duniya na biyu, Bama ake cewa ya je, ba mai tambaya.

Da korona ta zo aka rufe kantin da nake gadin ƙofarsa, muka zauna mu shida a ɗaki ɗaya a unguwar Al-Sadd, a ƙasar wajen da na je aiki. Nan gwaggona ta fara turo min saƙon murya. Ita ce autar kakan, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka ji labarin daga bakinsa. Ta ce mantuwa ta soma kama ta, in rubuta tun tana iya tunawa, tunda na yi sakandare kuma ga ni zaune.

A saƙon farko ta rushe min Bama. Bai taɓa wuce bakin tekun Ikko ba. Kwal yake zuba wa injin wani ɗan jirgin kamun kifi da Turawa suka karɓe da yaƙi ya ɓarke, suka yi masa fenti ruwan toka, suka ɗora masa bindiga ɗaya.

Ni ba ni da haƙuri. Na kira ta na tambayi jirage nawa suka nutsar. Ta ce ko ɗaya. Na ce to me zan rubuta?

"Uwar gaggawa," in ji ta. "Rufe bakinki ki buɗe kunne."

Ta ce kullum da asuba su kakana suke fita, kafin kowane jirgi ya motsa, suna jan doguwar waya a ƙarƙashin ruwa. Nakiyar ruwa ɗaure ta ake yi da ƙasan teku. In wayar ta tsinke igiyarta sai ta taso, a harbe ta daga nesa. Dole gudun jirgin ya zama ɗaya, in wuta ta ragu waya ta nutse ta sarƙe. Wutar nan a hannun kakana take, can ƙasa, inda in aka taka nakiya ba mai fita. Sau da yawa ba sa samun komai, gobe kuma su koma. Sai sun dawo ake barin jiragen sojoji da na abinci su wuce.

Batun wayar ne ya ƙi shiga kaina. Da aka sassauta kulle na hau bas zuwa garin Al-Wakra da ke bakin teku, na tsare wani dattijon masunci har ya nuna min yadda injin naɗe igiya yake aiki. Na zana shi a littafina.

Ban gama ba sai lokacin gasar kofin duniya, ina binciken jakunkunan mata a ƙofar filin wasa. A lokacin Gwaggo ta fara kira na da sunan mahaifiyata. Na ji tsoron na makara. A hutun rana na ɓuya bayan tanti na karanta mata duka ta waya. Tana ta sauraro har na kai inda na rubuta cewa an wargaza jirgin da yaƙi ya ƙare.

"Wa ya gaya miki? Masunta aka mayar wa. Ya daɗe yana kamun kifi, har Baba ya je ya gan shi, ya ce ƙarni ya hana shi shiga. Gyara."

A tsaye na gyara, littafin a kan gwiwata, shugabar aikinmu tana ta yalla yalla a bayana, wai in yi sauri. Na ce wa shugabar ta jira.